Inda Aka Binne Cibiyar Didi

Bansoli, farkon damina

Didi Sateshwari,

Ina taɓa ƙafafunki. Gaisuwa daga ni ƙanenki Darban, da matata Bimla, da yara. Muna nan lafiya, sai dai baƙin alfadarina ya yi targaɗe, kuma bai tashi yi ba sai ranar da baƙi suka fara hawowa. Yaya aikin asibiti? Har yanzu kina yi wa mutane allura kina haɗa musu da faɗa?

Dusar ƙanƙara ta janye daga kwarin nan na saman tsauni, furanni sun fara buɗe ido. Baƙi sun cika hanya da rigunansu na leda, kowa na haki yana tambayar saura nawa a kai. Ni dai daga safe zuwa yamma ina bayan alfadarai tsakanin gada da masauki.

Labari biyu gare ni. Na farko, dattawa sun zaɓe ni cikin mutum biyun da za su hau su tsinko furen Brahma ranar bikin abar bautarmu Uwa Nanda. Baba ya yi shekaru yana wannan hawan, yau ga shi ya faɗo kaina. Ya ce zai ga yadda mai tumbi irina zai yi da cin abinci sau ɗaya a rana.

Na biyu, idon Baba. Likitan da ya zo gwaji a Joshimath ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa. Ke kin fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Gefe da gefe ya riga ya rufe, yana gani kamar mai leƙe ta cikin gora. Baba ya ce kafin ya rufe duka yana so ya hau kwari sau ɗaya, tare da ke, ya nuna miki kogon da aka haife ki. Kin san labarin: Inna ta kai masa gari wurin kiwo, naƙuda ta kama ta a can, shi ya yanke cibiya da wuƙar askin tumaki ya binne ta a bakin kogon. Tun da gwamnati ta hana kiwo a kwarin bai sake takawa ba, Inna kuma ta rasu, saura shi kaɗai ya san wurin. Na ce zan goya shi a kwandon da muke ɗaukar tsofaffin baƙi, ya ce shi ba baƙo ba ne, da ƙafarsa zai je.

To, in za ki zo, ki zo kafin biki, lokacin furanni na kan ganiyarsu. Kin san hanya.

Ƙanenki,
Darban


Dehradun, cikin damina

Bhula,

Ka yi tsawon rai. Ka taɓa mini ƙafafun Baba, ka gaishe da Bimla, ka shafa kan yara. Ina lafiya, ban da ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa. Ga maganin ɗigawa nan na haɗo, safe da yamma, kuma kai za ka riƙa ɗiga masa da hannunka, don na san Baba, a kumatu zai zubar. Ba zai dawo da abin da ya tafi ba, yana dai iya jan lokaci. Ina taya ka murnar zaɓen da aka yi maka.

Yanzu sauran magana. Na karanta takardarka har na kusa haddace ta, ina neman inda aka gayyace ni, ban gani ba. “In za ki zo.” “Kin san hanya.” Haka kake ce wa baƙinka in ka sauke su a gada? Ni ba 'yar yawon kallon fure ba ce, Bhula ƙanena. 'Yar gidan ce da aka aurar, kuma 'yar da aka aurar ba ta kwaso ƙafa ta zo bikin Uwa Nanda don kanta. Ɗan'uwanta ke zuwa da kwandon wainar arsa, ya tsaya a ƙofarta ya ce ya zo ɗaukarta. Ita kanta Uwa Nanda sai an je an ɗauko ta daga gidan miji, balle ni.

A nan asibitin akwai 'yan tsaunukanmu biyu. Duk shekara ina kallon 'yan'uwansu a bakin ƙofa da kwando, ƙafa duk laka, su kuwa suna rabon arsa suna ba ni nawa da tausayi. Tun da mijina ya rasu ba wanda ya tsaya a ƙofata. Ban taɓa yin magana ba. Amma ka san bakin matan Bansoli. In na shigo ni kaɗai da jakata, kafin in sha ruwa an ce gwauruwa ta gaji da birni ta dawo cin tuwon ƙane. Ba zan ba su wannan daɗin ba.

Zumunta a ƙafa take, ba a takarda ba. In akwai namiji a gidan ubana, ya zo ya ɗauke ni, jakata a ɗaure take. In babu, sai ku gaishe mini da furanni.

Yayarka,
Sateshwari


Bansoli, tsakiyar damina

Didi,

Ina taɓa ƙafafunki, ko da yake takardarki ta taɓa ni a inda ke ciwo. Magani ya iso, ina ɗiga masa, yana zagina. Yara lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, takardarki ma ta daɗe a hanya, ta iso a jiƙe.

Didi, birni ya mantar da ke ne? Wanda aka zaɓa hawan fure ba ya kwana a wajen gari har sai ya sauko da furen ya ajiye a gaban Uwa Nanda. Ba takalmi, ba nama, ba kwanan wani wuri. Ina bin alfadarai a kan tsakuwa da tafin ƙafa, ke kina can ƙarƙashin fanka kina auna kalmomina a sikeli. Ko da ba a zaɓe ni ba, watannin nan na baƙi su ne abincinmu na shekara. In na sauko Dehradun na koma, wa zai ja dabbobin? Bimla?

Ke ce mai ilimin gidan. Ranar da Baba ya ce, “Darban, ka sauka ka ɗauko yayarka,” na ce masa, “Baba, wannan ai na mutanen da ne, Didi nas ce, takarda ta ishe ta.” Ashe ke ce kika fi kowa riƙon na da. Ni ban iya jera magana ba. Na ce kin san hanya don gidanku ne, ba don kora ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci, kuma da Baba ya ce in karanta masa, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Har wurin “in akwai namiji a gidan ubana” na karanta, da ƙarfi ma, don ya ji irin bakin 'yar lelensa. Bimla ta yi ta ƙifta mini ido, na ƙi kallonta. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon murhu, can sai ya tambayi Bimla ko akwai sauran mazarƙwaila a gidan. Tsufa ke nan, ana maganar duniya shi yana ta zaƙi.

Furanni sun kai gwiwa. Ba za su jira fushinki ba, idon Baba ma haka. Abin da zan ce ke nan.

Darban


Dehradun, da sauri

Bhula,

Ka yi tsawon rai, wawan ƙanena. Ina fata ƙafafunka ba su tsage ba, ka riƙa shafa man mastad.

Me ya hana ka rubuta mini tun farko cewa Baba ya ce a ɗauko ni? Ai wannan ita ce gayyatar. Da na ga wannan layin da ban ɓata tawada ba. Maganar hawan fure kuma na manta shaf cewa ba ka kwana waje, laifina ne. Amma karanta wa Baba takardar nan da ka yi, sai na ja kunnenka in na zo. Don kai na rubuta ta, ba don shi ba.

Na karɓi hutu. Jibi zan hau motar safe. Mai yiwuwa in riga takardar nan isowa. Ka ce wa Baba ya shafa wa gwiwoyinsa mai, 'yarsa na tafe.

Didi


Bansoli, da sauri

Didi,

Ba lokacin doguwar gaisuwa. Baba ya tafi wurinki.

Ashe mazarƙwailar da ya tambaya ta arsa ce. Ya sa Bimla ta jiƙa shinkafa ta daka ta soya, ya ce na biki ne, ita ma ba ta kawo komai a ranta ba. Da safe na fita da dabbobi, da na dawo babu shi, babu sandarsa, babu tsohon kwandon goran nan da ke rataye a bayan ƙofa. Mai shayin gada ya ce ya gan shi ya wuce da kwando a baya, ya tambaye shi ina zuwa, ya ce, “Zan je in ɗauko 'yata, an ce ana neman namiji.”

Didi, mutumin da bai taɓa wuce Joshimath shi kaɗai ba, ga ido rabi. Ni kuma a ɗaure nake, ba ni da ikon bin sa. Sunan asibitinki kawai ya sani. Ki sa masu gadi su lura, ki riƙa leƙa tashar mota. Don girman Uwa Nanda kada ki motsa daga inda kike.

Darban


Dehradun, ƙarshen damina

Bhula,

Ka yi tsawon rai. Na iso lafiya, Baba ma lafiya, sai rama da ƙurajen zafi a wuya. Takardarka ta “kada ki motsa” na tarar a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta a tsaye, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Mun lissafa ni da shi. A wurin da ake tare motoci don masu hawa su ba masu sauka hanya, a nan muka wuce juna. Ina jin motarsa na cikin waɗanda na zauna ina kallo ina tsaki don sun ɓata mana lokaci. Washegari dutse ya zaftaro ya rufe hanyar, ni a sama, shi a ƙasa.

Masu gadin asibiti suka rako shi gida. Maƙwabciyata matar Kohli ta same shi a kan matakala, kwando a cinya, ta buɗe masa ɗakina da makullin da nake bar mata. Ita ta ciyar da shi duk makonnin nan. Ta ce kullum sai ya tambaye ta ta ina tsaunuka suke, ta nuna masa, ya juya kujera can ya zauna, alhali bangon maƙwabta ne kawai a gabansa. Ka tuna ranar da na sauka Joshimath na same shi ta waya, abin da ya ce: “Tunda kin isa, ki hau. Kada furanni su wuce mu duka biyu.” Ya fara kwatanta mini kogon, layin ya yanke.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a kwarin. A can ba a ɗaga murya, ka sa ma na cire jan mayafina tun a gada don kada aljanun wurin su ji haushi, to sai na haɗiye komai. Bhula, ban taɓa zaton haka wurin yake ba. Ina ƙarama na ɗauka Baba ƙari yake yi. Da hazo ya yaye na ga shuɗi da ruwan hoda da rawaya sun malale daga ƙafata har gindin ƙanƙara, ƙamshi har yana sa jiri, abin da ya fara zuwa raina shi ne: wannan rabon idon Baba ne nake ci. Ban ji daɗi ko na minti ɗaya ba. Kai kuma kana gaba da tsagaggun ƙafafu kana ratsa ciyawar nan da ta fi mutum tsayi tun da tumaki suka daina zuwa, muna leƙa ƙarƙashin kowane dutse. Kogo nawa muka gani? Kowanne da baƙin hayaƙin makiyaya a rufinsa, kowanne zai iya zama shi. Da ka juya baya, duk wanda muka wuce sai na taɓa shi na kai hannu goshi, ko da na dace.

Da na shigo ɗaki Baba ya ji takuna. Bai bari na taɓa ƙafafunsa ba. Ya miƙe, ya laluba ya ɗauko kwandon, ya fita waje ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, “Sateshwari, 'yata, na zo ɗaukarki. Ana biki a gida.” Bikin da aka gama tuni. Arsar duk ta yi funfuna, ya hana kowa taɓawa, ko matar Kohli da ke ba shi abinci bai ɗanɗana mata ba. Na kankare ɗaya na ci a gabansa.

Na ba shi furen Brahman da ka tsinko, wanda aka ba ni a rabon 'yan matan gida. Ya shinshina ya ce ka tsinke shi da kyau. Sannan ya ce, “Kin ga wurin?”

Na ce, “Na gani, Baba.”

“Da wuya?”

“Ko kaɗan. Darban ya gane shi nan da nan.”

“Darban? Wanda ke ɓata a gonar dankali?” Ya yi dariya. Can ya ce, “Ina bakin kogon ke kallo?”

Na ce kudu. Ya juya furen a hannu. Sai ya ce, “Haka ne.” Bai sake tayar da maganar ba har yau.

Na kai shi wurin babban likitan ido. Ya ce abin ya yi sauri, maganin ɗigawa ma a gida ya baro shi. Yanzu sai na kawo fuskata dab da tasa yake gane ni. Zan riƙe shi a gama gwaje-gwaje, in kun sauko gidan hunturu sai a kawo shi. Kada ka faɗa masa ba mu samu kogon ba.

Yayarka,
Sateshwari


Bansoli, bazara

Didi,

Ina taɓa ƙafafunki. Mun hawo daga gidan hunturu lafiya, ƙanƙara ta karya mana rufin ɗakin dabbobi, na gyara. Bimla na gaishe ki. Baƙin alfadarin ya warke, ya koma halinsa na cizo.

Idon Baba ya rufe duka. Rana da dare kawai yake bambantawa. Yana cin abinci, yana faɗa, yana zama a bakin ƙofa yana gane mutane da tarinsu.

Ban faɗa masa komai ba, shi ya tare ni. Na ce masa bana zan goya shi mu hau, ya shafa duwatsun da hannu, ko zai gane. Ya ce, “Ka goyi buhun dankali ya fi maka amfani. Ni ba da hannu na san wurin ba. Tsayawa nake a rafi in daidaita ƙahon tsaunin can da wata tsaga, in bi layin. Ido ne ya san shi, ido kuma ya tafi da abinsa.” Na ce ya kwatanta mini tsaunin da tsagar. Ya yi ta kwatance, amma Didi, tsauni nawa ne a can, tsaga nawa? Rafin ma ya sauya hanya tun zamaninsu.

Ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara kamar wancan karon. Ga shi: “Ka ce mata gabas yake kallo. Ranar da aka haife ta, rana na fitowa ta haska fuskarta, shi ya sa na sani. Ka ce mata ba ta iya ƙarya ba, uwarta ma haka take, amma na gode.”

Bana ba ni aka zaɓa ba. In lokaci ya yi zan bar dabbobin wurin surukina, in sauko da kwando in tsaya a ƙofarki, in faɗi maganar yadda ake faɗa. Da na san haka abin yake a wurinki, da tun shekarun baya na yi. Sabon kwando zan saƙa, tsohon na wurinki.

Ƙanenki,
Darban


Dehradun, kafin ruwa ya sauka

Bhula,

Ka yi tsawon rai. Ka taɓa mini ƙafafun Baba, ka ce saƙo ya iso, gabas, na riƙe. Ƙafata ta yi sauƙi. Matar Kohli na tambayarsa kullum.

Kada ka zo. Kada ka saƙa komai, kada ka bar dabbobinka a hannun mutumin da bai san halinsu ba. An riga an zo ɗaukata, Bhula. Namijin gidan ubana ya tsaya a ƙofata, kuma na ga abin da zuwan ya ci. Wannan gayyatar ta ishe ni har in mutu.

Kwandon na nan rataye a bayan ƙofa. Zan soya arsa da hannuna in cika shi, in goyo shi in shigo Bansoli da rana tsaka ni kaɗai. Matan gari su faɗi abin da suka ga dama, bakinsu ne. Kwarin kuwa ba zan sake hawa ba. Zan zauna kusa da Baba a bakin ƙofa har hutuna ya ƙare, ya ba ni labarin tumakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kujerar da ya zauna a kai tana nan inda ya juya ta, na kasa mayar da ita. Jiya da na dawo aiki na zauna a kanta don in ga abin da ya yi ta kallo a damina ta ƙarshe da yake da ido. Bango ne, Bhula, da bututun ruwa, da igiyar shanya.

Kada a gaya masa ranar da zan iso. Zai gane takuna.

Yayarka,
Sateshwari